Inda Ruwa Ya Tsaya

Goggo Tumba ta sauka tasha da jaka biyu da kwandon daddawa,
Arzika na biye da ita, waya a hannu,
ba a gama gaisuwa ba ya fara ɗaukar hoto.
Tun daren jiya na tsara hanya:
mu bi ta Gesse, inda fitilu ke kamawa,
inda kwalta ta bushe kamar ba a yi komai ba.

"Ba kwalta na zo gani ba," in ji Goggo.
"Kai ni Dukku."

Tun daga gangare wari ya tarbe mu,
warin tabarmar da ta kwana bakwai cikin laka,
da na shinkafar da ta tsira a buhu ba wanda ya shuka ta.

Ga makaranta, na ce.
A aji uku muka yi kwana arba'in, mu da awaki a baranda.
Har yau allon na ɗauke da sunayen masu karɓar gero,
malam bai goge ba,
a ƙasansu yake rubuta lissafi.

Ga Mainasara tela a bakin shago,
ya kwance kekensa gunduwa-gunduwa bisa buhu,
yana bin tsatsa da tsumma da man gyaɗa
kamar mai yi wa jariri wanka.
"Awo, sannunku da zuwa.
Gulbi ya ba mu hutun da ba mu roƙa ba."

Arzika ya ce in jingina da bango ya ɗauka.
Shaidar ruwan ta zo mini daidai kafaɗa,
ja, miƙaƙƙiya, sai ka ce magini ya ja ta da igiya.
Ita ce a gidan liman, ita ce a na mai fura,
ta bi ta ɗinke gidaje biyu
da suka shekara tara ba sa gaisawa.

Namu gidan ya durƙusa.
Ƙyauren ƙarfe kaɗai ke tsaye da dogaransa,
ba bango dama, ba bango hagu,
akuya ma ta gefe take wucewa.
Goggo ta ƙi zagayawa.
Ta yi sallama, ta jira kaɗan,
ta tura, ta shiga ta ƙofa.

A bayan ƙyauren akwai zanen ƙusa
da Baba ke auna mu da shi duk sallar layya:
ni, da Kulu, da Barmo wanda nasa ya tsaya a na huɗu.
Ruwa ya zo ya yi nasa
a saman namu duka.

Ta tsuguna kusa da inda murhu yake a da,
ta yi ta tono, zobe da munduwa cikin taɓo,
har farcenta ya ji dutsen niƙan Inna.
"Na san kana nan.
Mu huɗu muka kasa ɗaga ka ranar rabon gado,
gulbi shi kaɗai zai iya?"

Arzika ya mai da waya aljihu.

A fadama muka iske Nomau yana yafa iri.
Buhu sittin aka cinye masa, ya ce,
sai ya damƙo baƙar ƙasa ya buɗe mana tafi:
"Ɓarawon da ya bar ma taki, a wace kotu za ka kai shi?"

Gulbin na kwance can ƙasa, lumui,
kamar tunkiyar da ta gama ɓarna a rumbu.
Goggo ta gangara wanke hannu.
Na kasa kunne, ina jiran tsinuwa.
Ta daɗe tana dubansa.
"Kai ma ka rame," ta ce.

Da magariba mai Napep ya bi da mu ta Gesse,
fitilu sun kama, ba wanda ya ɗaga kai.
Goggo na fama da ƙullin bakin zanenta,
sauran laka a ƙarƙashin farce.
"Yanzu nawa ake sai da bulo ɗaya?"